Magidanci da ƙugiya a bakin Tiga

A Kano, in ka ce wa mutum ranar Asabar za ka tafi kamun kifi, abin da zai fara tambayarka shi ne ko albashi ne bai shigo ba. In ka ce ya shigo, sai ya ce to kifin nawa ne da ba za ka saya a kasuwa ka huta ba? A wurinmu fatsa wasan yara ce, su da koma kuwa sana'ar masunta ce ta gado. Tsakanin waɗannan biyun ba a tanadi wuri ba ga magidanci mai aikin ofis, da furfurarsa a gemu, ya je ya ɗare kan dutse da sanda a hannu tun sanyin safiya. Uwargida ma ta daina yi mini faɗa, sai dai in zan fita ta ce, "Malam, a dawo mana da abin miya dai, kada a dawo da labari."

Da ƙuruciya na koya, a kududdufin unguwarmu, da karan dawa da zaren ɗinki. Na bari shekaru masu yawa, sai da girma ya kama ni na koma. Yanzu wurin zuwana Tiga ne, a ƙasar Bebeji, tafiyar kilomita saba'in ko kusa da haka daga cikin birni ta hanyar Zariya. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse Kogin Kano a nan, aka fara aikin a 1971 aka gama a 1974. Wanda bai taɓa zuwa ba yana jin an ce dam sai ya ɗauka wani babban tafki ne da za ka zagaye da ƙafa. Ruwa ne da ya malale fili sama da murabba'in kilomita 170, akwai inda za ka tsaya ba ka hango ɗaya gaɓar sai dishi-dishi. Daga shi ake sako ruwan da ke bi ta magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Wannan ya shafi mai ƙugiya kai tsaye, domin da rani ya yi nisa ruwan yana ja da baya, dutsen da ka zauna a kai da kaka sai ka tarar da shi can a tudu, kai kuma sai ka nemi sabon wuri.

Kayana ba su da yawa. Sandar gora mai ɗan tsawo, zaren roba, ƙugiyoyi manya da ƙanana a cikin gwangwanin madara, 'yar dalma don ta ja zaren ƙasa, sai guntun tsohon silifa da nake ɗaurawa ya riƙa yawo a saman ruwa, in ya nutse na san an taɓa. Wani abokin aikina ya taɓa kawo mini sandar Turawa mai mazari tsaraba. Tana da kyau, tana kai zare nesa, amma ƙasan Tiga cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin, ko'ina ka jefa sai ta maƙale. Tana nan rataye a ɗaki. Ƙoto kuwa tana ce kan gaba, ina haƙo ta a bayan gida wajen makwararar ruwan wanke-wanke. In ina neman tarwaɗa sai in biya wurin masu yankan kaji in karɓi hanji, in bar shi ya ɗan yi wari. Karfasa ta fi son dusa da aka cuɗa da ragowar tuwo. Da ruwan farko ya sauka kuma garar nan mai fiffike ta fito, babu abin da ya kai ta.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne gaisuwa. Mu 'yan birni muna ganin ruwa sai mu ɗauka na Allah ne kawai, kowa ya zo ya jefa. Na Allah ne, amma akwai waɗanda abincinsu ke ciki. Kowace mashiga tana da masuntanta, kowane lungu an san wanda ya shimfiɗa ragar kalli a ciki da wanda ya binne tarkon gura, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake kai wa ƙara in an saɓa. Ka zo ka jefa ƙugiya ba ka gai da kowa ba, daidai yake da ka faɗa gidan mutum ba sallama: ba lalle a kore ka ba, amma ba wanda zai nuna maka inda rijiya take. Ni in na isa, kafin in kwance komai sai na je inda suke gyaran koma na durƙusa mun gaisa, na ajiye goro ko 'yar ledar sukari. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya ɗauke ni tamkar ɗa. Shi ne yakan ce, "Malam, yau kada ka zauna wajen duwatsun nan, yaran sun zuba mamari jiya da dare. Koma bayan ciyawar can." Mamari igiya ce doguwa mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, babu ƙoto a jikinsu, kifi ne ke gogar su ya maƙale. Zarenka ya shiga cikinta ka yi asara, ka kuma jawo wa mai ita aikin warwara na wuni guda.

Suna yi mini dariya, ba na musu. Mai birgi, wato ragar jifa, zai tsaya a bakin kwalekwale, ya karkaɗa ta ya wurga ta buɗe a sama, abin da zai jawo a jifa ɗaya ya fi abin da zan samu daga asuba zuwa azahar. Wani saurayi cikinsu ya taɓa ce mini, "Alhaji, kai fa ciyar da kifi kake zuwa yi." Na ce masa ai sadaka ce. Amma akwai abin da zaman wuri ɗaya ke nuna wa mutum wanda mai sauri ba ya tsayawa kallo, kuma a nan ne ni daɗin abin yake.

Ɗauki karfasa. A ruwa marar zurfi namijin ke share ƙasa ya yi ɗan rami zagayayye, ya tsaya yana gadi, kowa ya matso ya kore shi. Macen in ta yi ƙwai sai ta kwashe a baki, ta riƙe har su ƙyanƙyashe, duk tsawon lokacin ba ta cin abin kirki. In ruwa ya kwanta da safe kana iya ganin ramukan jere a gefen gaɓa. Cinta kuma na wayo ne, ba ta fizga, sai ta yi ta tsattsagar ƙoton, silifan yana rawa yana rawa, in ka yi gaggawar ja ka ɗago ƙugiya tsirara. Tarwaɗa ba ta da wannan kunyar. Ita da almuru take fita, ko ranar da hadari ya haɗo ruwa ya gurɓace, da gashin bakinta take laluben abinci, in ta samu ta haɗiye ta yi ƙasa da shi. Tana da wata halitta a bayan kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa za ka ɗaure ta a buhu ka kai Kano tana motsi. Kurungu kuwa ƙaramin mugu ne. Ka fito da shi yana gurnani, ya miƙe ƙayoyinsa uku ya kulle su, wanda bai iya riƙo ba sai ya ji a tafin hannu, zafin kuma ya wuni yana yi masa zugi. Romonsa dai ya biya.

Biyu ne nake girmamawa daga nesa. Minjirya, mai jiki sulɓi da taushi, wadda ke jan mutum da lantarki, babbarta tana iya sakin sama da volt 300. In ta hau ƙugiyata yanke zaren nake yi, ba na jayayya. Sai gaiwa, wadda ake samu a fadamu da kududdufai masu ƙafewa. Ruwa ya janye sai ta shige cikin laka ta naɗe kanta da majina, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har damina ta dawo. Masu haƙar ƙasar gini sukan ci karo da ita a busasshen wuri. Haƙoranta kuwa ba na wasa ba ne. Giwan ruwa, wanda kowa ke mafarki, sai dai in gan shi a kwalekwalen wasu. Shi kifi mai rai yake farauta a zurfi, sandar gora daga gaɓa ba ta kai wa gare shi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hunturu kifi yana yin ƙasa ya lafe, ka fito da asuba sanyi ya kaɗa ka a banza, gara ka bari sai hantsi ya dubi ludayi. Da bazara kuma akasin haka, daga an idar da sallar asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Ni na fi son farkon damina, lokacin da ƙoramu suka fara kawo jan ruwa, tarwaɗa ta taso tana neman ciyawar da ruwa ya rufe don ta yi ƙwai. Sai dai a nan ne nake ja wa kaina birki, in na ga cikinta ya cika da ƙwai ina mayar da ita, haka ƙananan da ba su kai tafin hannu ba. Na san a Amurka da Ingila akwai masu kamawa su ɗauki hoto su saki duk abin da suka kama. Wannan ban iya ba. Ban ga dalilin huda bakin halitta don nishaɗi kawai ba. Abin da ya isa ci ina kai shi gida, a yi farfesu da citta da masoro da attaruhu, ko a soya a ci da yaji.

Abu ɗaya da nake gaya wa duk wanda ya ce zai bi ni: kada ka shiga ruwan. Ba maganar nutsewa kaɗai ba, ko da yake ƙasan dam yana da ramuka. Tsargiya nake ji. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take girma, waɗanda ke manne a ciyawar gefen ruwa da magudanan rani, ta fito ta huda fata ba ka ji ba, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. A ƙauyukan bakin ruwa har ana ɗaukar abin a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali cuta ce mai lalata mafitsara, kuma maganinta ƙwaya ce da ake samu a asibiti. Ni takalmin roba mai tsawo nake sawa, ruwan alwala kuma daga gida nake tahowa da shi a jarka.

Wata rana ina zaune da dattijon nan, sai ga yara biyu suna jan gidan sauro a gefen gaɓa, irin wanda ake rabawa kyauta don zazzaɓin cizon sauro. Abin da suka kwaso 'ya'yan kifi ne, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Na ce, "Baba, wannan fa na baɗi suke cinyewa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kai in ba ka kama ba, tukunyarka za ta hau wuta. Su fa?" Ban da amsa, kuma har yau ina juya maganar. Amma ban yarda a bar ta a nan ba, domin kakanninsu ma talakawa ne, kuma sun san hana ruwa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu ga Kabawa, abin da ke sa a fito da manyan giwan ruwa daga kogin Matan Fada shi ne an hana taɓa wurin sai ranar da aka buɗe. Mutane suna kallon dubban masu homa da gora suna rugawa cikin ruwa, suna mantawa da watannin da aka yi ana gadi. Ƙauyuka da yawa suna da irin wannan doka a tafkunansu, Sarkin Ruwa ya rufe, ya sa ranar su. Inda dokar ta mutu ne ake samun gidan sauro, har da masu zuba Gamalin, maganin ƙwari mai guba, su kashe babba da yaro su kai wa mutane kasuwa.

Dattijon ya ce ai mu na Tiga da sauƙi, in je in tambayi na ƙasa. Gaskiyarsa. Ruwan da ya bar nan yana haɗuwa da na Challawa, wanda shi ma aka datse a 1992, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja da Nguru da Gashuwa. A da ambaliyar damina ce ke cika fadamun can, kifi ya bazu ya hayayyafa, rani ya zo ƙasa ta bushe. Da dam-dam suka rage ambaliyar suka kuma sa ruwa yana tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsawa, koma ba ta shimfiɗuwa. Ruwan da nake zama a bakinsa ina jin daɗi, wani ne aka rage wa a can.

Bana in Allah ya kai mu kaka ina son in gangara wajen Haɗeja in ga abin da idona. Dattijon ya ce yana da ɗan'uwa masunci a can da zai haɗa ni da shi, da sharaɗin in bar sandar gorata a gida, kada in je in ba shi kunya.