Shirun daƙiƙa biyar

A aikina na koci, wato mai zama da mutum yana masa tambayoyi don ya samo wa kansa mafita a aikinsa, duk wanda ya zo zaman farko, minti 15 na farko ba ma taɓa matsalar da ta kawo shi. Sai mun daidaita tsari: zaman minti 60, sau ɗaya a mako biyu, mu yi shida sannan mu duba inda aka kwana. Idan kamfaninsa ne ke biya, nakan faɗa masa ƙarara abin da zai isa kunnen shugabansa, wato ranakun da ya zo, ban da abin da ya faɗa. In aka tsallake wannan, mutum zai yi ta kewaye-kewaye har zama na uku.

A 1979 Edward Bordin, masanin halayyar ɗan Adam, ya ce irin wannan hulɗa tana tsayawa ne kan abu uku: yarda a kan manufa, yarda a kan aikin da za a yi, da amincin da ke tsakanin mutum biyun. Ni dai a cikin zance na ga ana ƙulla ukun nan.

Ka ce wa mutum "Me ya sa ba ka yi ba?", nan take zai shiga kare kansa. Ka ce "Me ya faru tsakanin Litinin da ka shirya da Larabar da ka fasa?", sai ya ɗauko labari, kuma a cikin labarin ake tsintar abin da ya tare shi. Bayan tambaya nakan ƙirga biyar a zuci. Shirun na da nauyi, harshe na ƙaiƙayi. Amsar farko galibi ta fita kunya ce. Ta biyun, wadda kan zo bayan ya kawar da kai ya yi ajiyar zuciya, ita ce abin aiki. Na taɓa naɗar wani zama da izinin mai shi, na saurara, na tarar ni na cinye fiye da rabin lokacin. Yanzu ba na son wuce kashi ɗaya cikin uku.

Tsarin GROW, wato matakai huɗu na tafiyar da irin wannan zama, wanda koci John Whitmore ya yaɗa a 1992, yana bin manufa, halin da ake ciki, zaɓi, sai ƙudurin aiki. A mataki na uku ake tuntuɓe, don nan koci kan zame ya koma mai ba da shawara. Za ka ji mutumin ya ce "To, zan gwada" da sanyin murya, mako biyu su wuce ba a taɓa komai ba, tunda dabarar ba tasa ba ce. Shi ya sa nake tambaya: daga 1 zuwa 10, nawa za ka ba kanka cewa za ka yi? In bai kai 8 ba, mu rage aikin.

Idan amsoshi suka gajarta, ana ta "duk yadda ka ce", ba na jira sai wani zama. Nakan ce, "Na ga tun da na kawo batun barin aiki ka ja baya. Na yi gaggawa ne?" Sai in sake ƙirga biyar.