Ina Dangin Mamacin?

Labarin tsoron da na rubuta shafi huɗu ne. Wasu samari uku sun fasa kabarin wani Fir'auna, sun tarar da rubutu a bakin ƙofa cewa duk wanda ya shiga ba zai ga sabon wata ba, sai gawa ta tashi a naɗe da tsummoki ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi ina gyara shi kafin in kai zaman marubuta da muke yi duk Asabar bayan la'asar, a wani ajin firamare da ake ara mana. Na karanta, na sassauta murya inda ya dace, na ɗaga ta inda gawar ta buɗe ido. Da na gama aka tafa, aka ce Hausar ta yi daɗi. Amma babu wanda ya tsorata. Ba sai an faɗa mini ba, fuskoki sun nuna.

Mutum biyu ne suka yi maganar da ta bi ni har gida. Ta farko wata yarinya ce mai koyon aikin jinya. Ta ce, "Malam, wuri ɗaya ne tsikar jikina ta tashi. Inda zoben ya ƙi fita, saurayin ya murɗa, ɗan yatsan ya ɓalle a hannunsa." Layi biyu ne kacal a cikin labarin, kuma na saka su ne don in kai samarin ga dukiya. Na biyu dattijon zaman namu ne, tsohon malamin makaranta, wanda yana cikin masu wankan gawa a unguwarsu. Bai ce labarin ya yi kyau ko bai yi ba. Cire tabarau ya yi ya ce, "Ɗana, shi wannan mutumin da ke kwance, ba shi da kowa ne? Wa ya yi masa sutura? Ina danginsa?"

Na ce, "Baba, ai Fir'auna ne." Ya gyaɗa kai, bai ƙara komai ba.

Abin da ya fi damuna a hanyar gida shi ne na taɓa shiga irin wannan kabarin da ƙafata. Lokacin da nake karatu a Alƙahira mun hau jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, muka tsallaka Nilu zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka binne sarakunan Masar na dā. Kabarin Fir'auna Tutankamun ƙarami ne sosai idan aka gwada shi da na maƙwabtansa. Gawarsa tana nan a cikin akwatin gilashi, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, fuska da ƙafafu a waje. Yaro ne da bai wuce shekara 18 ko 19 ba. Ina tsaye a kansa, mutane na matsowa suna leƙawa, abin da ya kama ni kunya ce, irin wadda kake ji idan ka faɗa ɗakin mutum ba sallama. Duk wannan yana cikina, amma da na zauna rubutu sai na ajiye shi gefe, na ɗauko gawar finafinai mai tafiya da miƙaƙƙun hannuwa. Na rubuta abin da na ɗauka shi ne labarin tsoro, na bar abin da idona ya gani.

Sai na koma karatu, don in san daga ina na aro tsinuwar tawa. Ranar 4 ga Nuwamba 1922 ma'aikatan Masar da ke tono ƙarƙashin Howard Carter, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, suka ci karo da matakalar farko ta kabarin Tutankamun. Mai ɗaukar nauyin aikin, Lord Carnarvon, ya mutu a Alƙahira ranar 5 ga Afrilu 1923. Sauro ne ya cije shi a kumatu, ya yanke wurin yana aski, ciwon ya rure ya shiga jini, ciwon huhu ya biyo baya, ga shi dama mutum ne mai raunin lafiya. Kafin nan ya sayar wa jaridar Times ta Landan damar samun labarin kabarin ita kaɗai, sauran jaridu suna bakin ƙofa ba su da abin bugawa. Mutuwarsa ta ba su. Aka yi ta yayata cewa akwai rubutun tsinuwa a kabarin, alhali ba a sami ko ɗaya ba. Carter kansa, wanda ya shafe kusan shekara goma yana fitar da kaya sama da dubu biyar, sai 1939 ya mutu. 'Yar Carnarvon, wadda aka buɗe kabarin a gabanta, ta kai 1980. Ashe gargaɗin da na liƙa a ƙofar kabarina daga teburin 'yan jarida ya fito.

Gargaɗi na gaske akwai shi, sai dai galibi a kaburburan manyan ma'aikata da hakimai ake samunsa, ba na sarakuna ba. Wani mai kabari ya ce duk wanda ya taɓa masa kabari, kada na jiransa a ruwa, maciji a tudu. Wani a Sakkara, tsohuwar maƙabartar da ke kusa da Alƙahira, ya ce wanda ya shigo masa da ƙazanta zai damƙe wuyansa kamar na tsuntsu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai cewa za a yi musu shari'a, shi da mai laifin, a gaban babban abin bautarsu. Wannan muryar mutum ce da ya san wata rana zai kwanta ba ya iya ɗaga hannu, yana barin sallahu tun yana da baki. A jikin bangon irin waɗannan kaburbura za ka ga ana roƙon mai wucewa ya ambaci sunan mamacin, ya roƙa masa gurasa da abin sha, domin a imaninsu wanda aka daina kiran sunansa ya sake mutuwa. Da na karanta wannan na gane Baba bai kauce wa labarina ba. Tambayar da mamatan suka bar wa masu zuwa ita ya yi mini.

Akwai kuma takardun shari'ar ɓarayin kabari na zamanin Fir'auna Ramsis na Tara, fiye da shekara dubu uku da suka wuce. A ciki wani mai fasa dutse da ake kira Amenpanufer ya amsa cewa shi da abokansa sun haƙa rami sun shiga kabarin wani sarki da matarsa, sun kwashe zinariyar da ke jikinsu, sannan suka cinna wa akwatunan gawar wuta. Ba baƙi ba ne. Mutanen garin ne, masu addini ɗaya da wanda suka ƙona. Ko masana ma, a 1925, da suka tarar gawar Tutankamun ta manne da akwatinta saboda ƙaron da aka zuba mata, sai da suka raba ta gunduwa-gunduwa, suka sa wuƙaƙe masu zafi kafin su ciro rufin fuskar nan na zinariya da duniya ke yabo. Ɗan yatsan da ya tayar wa yarinyar nan da tsikar jiki ƙaramin abu ne a kan abin da ya faru da gaske.

Wani abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne nauyin kalmar Fir'auna a kunnen Bahaushe. Ba sarauta muke ji ba idan an faɗe ta. Wanda ya yi jayayya da Annabi Musa muke ji, wanda ruwa ya ci, har idan shugaba ya cika zalunci sai a ce ya zama Fir'auna. Tun a layin farko na riga na gaya wa masu sauraro cewa mamacin bai cancanci tausayi ba, su kuma samarin ɓarayi ne. To wa za su ji wa tsoro? Kowa ya zauna yana kallon azzalumi na cin ɓarayi, hankali kwance.

Na sake rubuta labarin daga tushe. Mamacin ya koma magatakarda, mai mata da 'ya ɗaya, kuma 'yar ce ta ajiye masa takalman kaba a gefen akwati don tafiyar da ke gabansa. Samarin uku suka koma mutum ɗaya, magidanci da bashi ya yi wa katutu, wanda kakanninsa ma a kan waɗannan ramuka suka gina gidajensu. Gawa ba ta motsa ko sau ɗaya ba. Ya cire zoben, yatsan ya ɓalle, ya sa shi a aljihu don ya rasa inda zai jefar. Daga ranar duk wanda ya gamu da shi sai ya ɗan yi jim kafin ya tuna sunansa. Mai shago ya fara, sai liman, sai abokin wasansa na yarinta. A shafin ƙarshe matarsa ta kawo masa abinci, ta buɗe baki za ta yi masa magana, ta tsaya tana dubansa.

Wannan karon ba a tafa ba. Aji ya yi tsit har ana jin yara na buga ƙwallo a fili. Sannan ra'ayi ya rabu, kuma na koyi abu a rabuwar. Wani matashi ya ce wannan ba labarin tsoro ba ne, labarin baƙin ciki ne, shi gawa mai tashi ya zo ji. Bai yi laifi ba, akwai masu karatu da yawa irinsa, kuma ban ba shi abin da ya zo nema ba. Wani ya ce bai ji daɗin yadda na sa imanin mutanen da ba su san Allah ba ya yi tasiri a kan Musulmi ba. Na saurare shi da kyau, domin ƙorafinsa ya nuna labarin ya taɓa shi a inda na farko bai ko kusanta ba. Yayata, da na kai mata takardun gida, ta dawo mini da su washegari ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Jiya sai da na tashi cikin dare na kira sunan yaran nan ɗaya bayan ɗaya."

Tun daga lokacin, idan na karanta wa mutane labari, ban cika riƙe kalmar "ya yi kyau" ba, don ladabi ne ke kawo ta. Inda numfashi ya tsaya nake nema, da layin da wani ya maimaita ba tare da an tambaye shi ba, da tambayar da a farko take kamar ba ta shafi labarin ba. Nakan rubuta su a bayan takarda kafin in bar wurin, tun ban manta yadda aka faɗe su ba.

Baba ne ya yi magana a ƙarshe a ranar. Ya daɗe yana juya tabarau a hannu, sannan ya ce, "Da ya fito, ya mayar da ƙasar?"

Na duba takardar. Mutumin nawa ya fito da gudu, ya bar ramin a buɗe, kuma ni kaina ban lura ba. Na ce, "Bai mayar ba, Baba."

Ya ce, "To ka bar shi haka. Kada ka gyara."