Ruwan Legas zai ƙaru, mu gyara shagunanmu tun yanzu

'Yan uwa na Mile 12, Kara da Agiliti, ambaliya za ta riƙa yawaita nan da shekaru masu zuwa. Teku na tasowa kusan milimita 4 a shekara, ƙasar wasu unguwanni kuma tana nutsewa saboda yawan haƙa rijiyoyin burtsatse. Idan mamakon Yuni da Yuli ya haɗu da cikar teku, magudanai ba sa samun inda za su zubar, sai ruwan ya dawo cikin gida. A Satumba da Oktoba kuma, in aka saki ruwan madatsar Oyan cikin kogin Ogun, mu ne a bakin hanya.

Don Allah, Alhaji, kada buhun shinkafa ko albasa ya kwana a ƙasa. A ɗora kan katako, aƙalla santimita 30. A maida soket sama da mita 1, janareto a ɗora shi kan bulo. In ruwa ya shiga injinsa, kada a tayar sai an zubar da mai an canja baƙin mai, in ba haka ba, injin zai buga.

A yashe kwata tun Maris, kafin ruwan farko.