Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Daren da Layin Alhaji Ya Mutu a Hannuna

A makon jiya na tsaya inda Maigida ya fara bar mini shagonmu na titin Beirut, nan Kano, idan zai yi tafiya. Shekarar 2005 ke nan. Salula ba ta fi shekara huɗu da shigowa Najeriya ba, tun watan Agustan 2001, kuma mutane ba su manta lokacin da ake sayen layi ɗaya naira dubu ashirin ba. Layi dukiya ne a wancan zamani.

A lungun shago akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows 98, da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana da ake zura sim a cikinta. Manhajoji biyu Maigida ya fi ji da su: SimScan, wadda wani Dejan Kaljevic ya rubuta, da Woron Scan.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kowane sim yana da makulli a ɓoye, ana ce masa Ki, kuma ba ya fita daga cikin katin. Kamfani zai turo wata lamba, sim ya gauraya ta da makullinsa ya mayar da amsa. In ta dace, sai a ba ka sabis. Lissafin da ke wannan gaurayawar a wancan zamani sunansa COMP128. A watan Afrilun 1998 wasu masu bincike uku a Amurka, Marc Briceno da Ian Goldberg da David Wagner, suka nuna cewa lissafin yana da ɓaraka: in ka jefa wa sim tambaya wajen dubu 150, amsoshinsa za su tona makullin. Aikin manhajojin nan ke nan, tambaya kan tambaya har sim ya yi suɓutar baki. Har yau ina jinjina wa wannan basira.

Mu dai abin da ke kawo mana mutane shi ne, a lokacin waya sim ɗaya take ɗauka. Ɗan kasuwa sai ka gan shi da waya biyu ko uku a aljihu, yana so a haɗa masa layukansa a kati guda, wato a tono makullin kowane layi a kwafe shi a katin. Dokar Maigida ɗaya ce: sai mai layi ya zo da ƙafarsa, da kwalin da ya sayi layin a ciki.

Ranar wata Laraba, Maigida yana Legas sarin kaya, wani Alhaji mai atamfa a Kantin Kwari ya zo.

"Yaro, ina maigidan naka?"

"Ya yi tafiya, ranka ya daɗe. Amma zan iya aikin."

Ya dube ni jim, ya ciro sim ɗin ya miƙo. "Da wannan lambar mutanen Maraɗi da Damagaram suke nemana. Gobe da safe zan dawo."

Bayan sallar isha'i na tayar da janareta, na zura katin. Lambobi suka yi ta hawa a fuskar kwamfuta, dubu goma, dubu talatin, ina zaune a kan benci ina gyangyaɗi. Da suka haura dubu sittin sai komai ya tsaya cak. Na cire katin na sa a Nokia 3310. Sunayen mutane duk suna nan, amma sandar sabis ko ɗaya babu. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Kamfanoni sun daɗe da farga. Wasu sun koma sabon zubin COMP128, na biyu da na uku, wanda manhajojinmu ba sa iya fasawa. Wasu katunan kuma an sa musu ma'aunin ƙirga: tambayoyi suna kaiwa wajen dubu 65, katin zai rufe bakinsa har abada. Ba irin kullewar PIN ba ce, da in ka yi kuskure sau uku PUK zai buɗe maka. Wannan ba ta da magani. Maigida yana da dabarar gane sabon kati kafin ya fara, ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba.

Ban runtsa ba. Shaiɗan ya yi ta raya mini in ce matsalar daga kamfani take, don ba mai iya ƙaryata ni.

Ƙarfe tara Alhaji ya iso. Na durƙusa.

"Alhaji, layinka ya mutu, kuma ni na kashe shi. Na yi aikin da ban gama koyo ba."

Ya yi shiru har na ji gumi yana bin bayana. "Innalillahi. Yanzu ina mafita?"

"Sai an je ofis an yi welkom-bak, a dawo maka da lambarka a sabon kati. Ni zan biya, ranka ya daɗe."

Kwana huɗu muna zarya kafin layin ya dawo, kuma ɗan abin da na tara don sayen keke duk ya tafi. Cinikin da ya wuce shi a kwanakin nan bai taɓa faɗa mini adadinsa ba. A rana ta biyar Maigida ya sauka daga Legas, labari kuwa ya riga ni isa kunnensa tun a tasha. Abin da ya yanke a kaina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.