Asabar da fuskar Fosca

Tun da hantsi na kunna fim ɗin darakta ɗan Italiya Ettore Scola na 1981, Passione d'amore, kuma har aka kira magariba ina kansa, duk da tsawonsa bai wuce awa biyu ba. Kallon farko na bar shi ya tafi ba tsayawa. Na biyu da takarda da biro na yi shi, ina tsayar da hoto duk inda fuskar Fosca ta cika allo, don ita ce ta zaunar da ni.

Labarin yana farkon shekarun 1860, Italiya ba ta daɗe da haɗewa ƙarƙashin sarki ɗaya ba, tunda a watan Maris na 1861 aka ayyana masarautar. Giorgio kyaftin ne, kyakkyawan saurayi, Bernard Giraudeau ya fito a matsayinsa. Yana soyayya da wata matar aure, Clara, wato Laura Antonelli, sai aka yi masa canjin aiki zuwa wani bariki can cikin duwatsu. Hafsoshi suna cin abinci a teburin kanar, kuma akwai kujera guda da ake ajiye wa faranti kullum, ba mai zama a kanta. Ta 'yar'uwar kanar ce, Fosca, marar lafiya, tana kwance a bene, ihunta kawai ake ji. Da ta sauko ta ɗora ido a kan Giorgio, shi ke nan ta liƙe masa, ba kunya ba ja da baya. Likitan bariki, wanda Jean-Louis Trintignant ya fito a matsayinsa, shi ya lallashi Giorgio ya riƙa nuna mata so ko na ƙarya ne, wai don kada ta mutu. A ganina wannan likita ya fi kowa laifi a fim ɗin, kuma shi ne ya fi kowa magana a hankali.

Abin da na fara rubutawa shi ne jinkirin. Scola bai nuna fuskar da wuri ba. Ya ba mu kujera, ya ba mu faranti, ya ba mu kururuwa daga sama, ya ba mu hafsoshi da suka saba har ba sa fasa tauna abinci. Kafin Valeria D'Obici, wadda ta fito a matsayin Fosca, ta bayyana, mai kallo ya riga ya zana abin tsoro a ransa, kwalliya ta zo ta tarar da rabin aikin an yi mata. Masu koyon sana'ar kwalliyar fim sukan ɗauka muni a cikin akwatin kwalliya yake. Kaɗan ne a can. Saura yana wurin fitila, da nisan kyamara, da fuskokin waɗanda ke kallon mai munin.

Bayan azahar na zauna kan fuskar kanta. Abin da ido ke gani: goshi ya yi tsawo, gashi ya ja baya ya yi shara-shara an tattare shi, haƙoran sama sun turo, idanu manya a cikin ƙwarmi, fata kamar ba jini. Masu sharhi da dama sun kwatanta ta da Nosferatu, dodon tsohon fim ɗin Jamus na 1922, kuma ba su yi ƙarya ba. D'Obici ba haka take ba, mace ce mai kyanta, kuma da wannan rawar da ta taka ta ci David di Donatello, babbar kyautar finafinan Italiya. Wanda zai fitar da irin wannan fuska a kan 'yar wasa mai ƙoshin lafiya, ga inda aikin yake.

Goshi tukuna. Ana kwantar da gashinta na asali da man kwantar da gashi, a taje shi baya, a busar da shi har ya lafe. Sai a sa hular sanƙo, siririyar hula mai kamar fata, a yanke ta ta sauko kimanin santimita ɗaya ƙasa da layin gashi, a manne bakinta da gam na fata. Hular iri biyu ce, kuma nan ake yawan tafka kuskure. Ta leda, ana narkar da bakinta da asiton, ruwan goge fentin farce, a kan auduga har ya ɓace cikin fata. Ta roba kuwa asiton ba ya cinta, sai dai a bi bakin da ruwan roba a soso, shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Kuma ba a shafa wa roba kwalliya mai maiƙon fetur, tana lalata ta, launin ma ba ya zama daidai da na fata, sai goshi ya fito kala biyu a kyamara. Akwai fenti na musamman da aka yi domin roba, shi ake nema. Bayan nan a ɗora hular gashi mai raga a gaba, a ja ta baya da santimita biyu zuwa uku. In aka wuce haka an tashi daga marar lafiya an koma abin dariya.

Abokin gabar wannan aiki gumi ne. Ƙarƙashin fitilun ɗaukar fim zufa takan taru a cikin hular, ta gangaro, ta ɗaga gam daga gefen kunne da tsakiyar goshi. Shi ya sa ake goge fata da sifirit kafin a sa gam, ake kashe manyan fitilu tsakanin ɗauka, kuma mai kwalliya ba ya nisa da kyamara. Motsin gira ma yana tattare hular in ba a ja ta da kyau ba lokacin mannawa.

Haƙora aikin likitan haƙori ne ko wanda ya koya a wurinsa. Ana kwaɓa garin ɗaukar siffa da ruwan sanyi, a zuba a cokalin baki, a danna a haƙoran sama, cikin minti biyu zuwa uku ya daskare. Ruwan ɗumi yana sa ya daskare tun kafin a kai baki. Da an cire, a zuba garin dutse nan take, don siffar tana tsukewa in ta sha iska, haƙoran da za a yi a kanta su ƙi shiga. A kan wannan dutse ake gina haƙoran roba mai tauri da za su hau kan na asali. Milimita biyu na kauri ya isa ya turo leɓen sama ya canza baki gaba ɗaya. Matsalarsu magana: harshe yana tuntuɓe, "s" ta koma shuu, yawu ya yi yawa. A nan 'yan fim ɗin Italiya na wancan zamani suna da sauƙi, domin al'adarsu ita ce a ɗauki hoto sannan a ɗora murya a situdiyo daga baya, kamar yadda ake ɗora wa finafinan Indiya Hausa. Fim ɗin nan ma dole ne a yi masa haka, tunda Giraudeau da Trintignant da abokin wasansu Bernard Blier duk Faransawa ne. Mai lura da leɓe zai ga wuraren da baki da murya suka ɗan saɓa.

Sai rama. Ba a zana rama da baƙi. Ana nemo launi mai duhu mataki biyu fiye da fatar, mai jan toka-toka, ba mai jan ja ba, don ja lafiya yake nunawa. A sa shi ƙarƙashin ƙashin kumatu, da gefen goshi, da cikin ƙwarmin ido kusa da hanci, da gefen karan hanci. Sannan a sa launi mai haske a kan ƙashin kansa. Inuwa ba tare da wannan haske ba datti ce kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce mai kwalliya ya taɓa fuskar da yatsa ya ji inda ƙashi ya ƙare, daga nan inuwa ta fara, gefenta na sama da kaifi, na ƙasa a baje. Wuya da hannu ana mantawa da su, alhali su ne ke tona asiri: fuska ta shekara tana jinya, hannu kuma sumul. A bi jijiyoyin wuya da tsakanin ƙasusuwan bayan hannu da inuwa iri ɗaya. Fosca da hannu take kama mutum, saboda haka hannunta yana cikin hoto kusan kamar fuskarta. A baƙar fata lissafin yakan juya, don inuwa ba ta da wurin ƙara duhu sosai; can hasken kan ƙashi da bushewar leɓe ne ke ɗaukar nauyin.

Da la'asar na koma kan haske da kyamara. Zamanin labarin babu lantarki, kyandir ne da fitilar mai, kuma haskensu ja ne, wajen 1,900 a ma'aunin launin haske na Kelvin, fitilar situdiyo ta gargajiya tana 3,200, hasken rana kuma wajen 5,600. Wannan yana da hatsari ga mai kwalliya, domin jan haske yana mayar wa fata jinin da aka sha wahalar cirewa. Kwalliyar da ta yi daidai a madubin ɗakin shiri takan ɓace a gaban kyandir, wadda kuma aka ƙara don kyandir takan yi yawa in aka fito fili da rana. Ba yadda za a yi sai gwaji da kyamara a hasken da za a yi ɗaukar, a ajiye hoton kowane gwaji don gobe fuskar ta yi daidai da ta yau. A shekarun 1980 da hoton nan-take na Polaroid ake wannan ajiya.

Fitila daga sama tana zurfafa ƙwarmin ido, ta jefa inuwa ƙarƙashin hanci da kumatu. Fitila mai laushi daga gaba, daidai da tsayin ido, tana cike ramuka ta share tabo. Kyamara in ta matso kusa da gilashi mai faɗi, irin mai milimita 24 ko 28, hanci da goshi sukan kumbura, kunnuwa su gudu baya. In ta ja baya da dogon gilashi, milimita 85 zuwa 100, fuska takan daidaita. Nisan ne ke yin aikin, gilashin yana cike allo ne kawai. Tsofaffin masu ɗauka har siririyar safar mata suke ɗaurawa a bayan gilashi don fata ta yi laushi. Da waɗannan dabaru ake ƙara wa kyakkyawa kyau, da kishiyoyinsu ake gina mummuna, kuma fim ɗin nan yana buƙatar duka biyun, don Clara da Fosca fuska biyu ne da ake auna juna da su. Har da Giorgio: kyansa kaya ne a labarin, kakinsa a goge, kyamara tana kallonsa irin kallon da aka saba yi wa mata. Gabriella Pescucci ce ta yi tufafin. A shekarun 1860 siket mai kejin ƙarfe ya kai iyakar faɗinsa, kuma faɗin ƙasa yana ƙara wa siririn wuya da wuyan hannu rama, musamman in yadin mai duhu ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Scola ya ƙi yi. Darakta mai tsoro, da labari ya kusa ƙarewa Giorgio ya fara karkata, zai ce a rage haƙora, a sauko da gashi, a sassauta inuwa, don mai kallo ya samu hujjar yarda. Fosca ta ƙarshen fim ita ce ta farkonsa. Wanda ya canza Giorgio ne: ya rame, ya kwanta ciwo, ya kwana da ita daren da zai fita fito-na-fito da kanar, kuma a filin faɗan ya saki ihu irin nata. Ita kuwa ta mutu bayan 'yan kwanaki. Wato aikin kwalliya mai wuya na biyu yana kan fuskar namijin, wanda dole a riƙa rage masa lafiya kaɗan-kaɗan daga fitowa zuwa fitowa, alhali ba a jere ake ɗaukar fim ba. Wannan sai da jadawali a rubuce: mataki na ɗaya, na biyu, na uku, da lambar kowace fitowa a gefensa.

Inda fim ɗin ya yi rauni, Clara ce. An ba ta kyau ba a ba ta zurfin hali ba, don haka awon ya karkata tun kafin a ɗora kaya. Juyawar zuciyar Giorgio ma ta zo da ɗan sauri. Wani abu game da wannan wuri: littafin da aka ɗauko labarin, Fosca na Igino Ugo Tarchetti, ya fito ne kashi-kashi a jarida a 1869, shekarar da marubucin ya rasu a Milan bai cika talatin ba, kuma babin daren nan abokinsa Salvatore Farina ne ya rubuta shi. Scola bai ɓoye cewa labarin yana da wuyar haɗiya ba. A fitowar ƙarshe Giorgio ya lalace yana zaune a mashaya yana ba wani wada labarin, wadan ya fashe da dariya, don shi ya san yadda duniya ke yi da marasa kyau. Stephen Sondheim, marubucin waƙoƙin wasan dandamali ɗan Amurka, ya yarda da labarin fiye da haka, ya mai da shi wasan waƙa mai suna Passion a Amurka a 1994.

Bayan isha na ƙarasa rubutun da matakin da ba a nunawa a allo, wato cirewa. Haƙora ake fara zarewa, a wanke su da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana lanƙwasa su. Hular gashi a ɗaga ragarta da burushi mai maganin narkar da gam, a wanke ragar da sifirit a kafa ta a kan katako. Hular sanƙo ba a fizgarta. Ana tura man cire gam ƙarƙashin bakinta kaɗan-kaɗan har ta saki da kanta, kuma ba ta sake amfani, kowace ranar ɗauka sabuwa ake sawa. In ɗaukar za ta yi makonni, sai a riƙa matsar da layin gam da 'yan milimitoci kowace rana, a shafa man kare fata kafin gam, in ba haka ba goshin 'yar wasa zai yi ja ya saɓule tun aikin bai kai rabi ba.