Sidi 58 da ya koma 90

'Yan uwa masu koyon rubutun makafi, jiya na sha kunya a shagona a Aboabo, nan Ghana. Hajiyar da ke karɓar sabulu da omo bashi ta zo biya, na shafa littafina na ce mata sidi 90. Ta ce, "Haba ɗan uwa, 58 ne fa!" Ita ke da gaskiya. Da hannuna na huda shi, kuma hannun nawa ya ci amanata.

Kun san a rubutun makafi da haruffa ake rubuta lambobi, a sa musu alamar lamba a gaba: 5 ita ce e, 9 kuma i. 8 h ce, sifili j. Dukansu tagwaye ne masu kallon juna, kamar d da f. Alamar lamba na huda ta daidai don hannu ya saba, sauran biyun na juya su. Wata huɗu ke nan ina fama da wannan. A kan allo daga dama kake hudawa zuwa hagu, ka juya takarda ka karanta daga hagu, ni kuwa da na yi shekara arba'in ina gani kafin hawan jinin ido ya kama ni, siffar harafin nake hangowa a kaina, in yi ta ƙoƙarin kifa ta. Nan nake rikicewa.

Daren jiya na kai sha biyu a zaune, na tuna abin da malaminmu, wanda ya yi makarantar makafi ta Akropong, ya sha faɗa mini ban ji ba: a bar siffa, a ƙirga ɗigo, tunda gurbin ɗigo shida ne a kowane harafi, uku a kowane gefe. Ɗaya, biyu, uku kullum suna gefen da ka faro layi. E ɗaya da biyar, i biyu da huɗu, ina faɗa da baki ina hudawa. Layi ashirin, kuskure ɗaya tak! Har na tashi uwargida daga barci, ta ce in bari sai da safe.

Ƙanena ya ce wahalar banza nake, ga TalkBack a waya, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu da murya. Ban raina ta ba, da ita nake jin saƙonni da labarai. Amma ku saurari yadda muryar Turancin nan ke karanta Hausa, sai ka rantse wani yare ne. Kuma ba zan so waya ta riƙa shelar bashin mutane a gaban masu saye ba, balle ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare.

Takarda mai kauri ce ke cin aljihu. Na ɓata rabin abin da na saya kan e da i kawai, yanzu tsofaffin kalanda nake yankawa. Na tambayi kuɗin na'urar Perkins ta buga rubutun makafi, wadda ba a juya mata takarda, aka ce ɗaruruwan dalar Amurka, na ja bakina na yi shiru.

Hunturu kuma ya busar mini da yatsa, ɗigo na shida ba ya jiyuwa sosai. Ina shafa man kaɗanya da dare, amma da rana yana ɓata takarda. Wanda ya san wata dabara ya taimaka mini kafin in shiga r da w, su ma tagwaye ne.