Gwanjon soja ko sabuwa mai araha: wace bindiga ta dace da harbin allo?

Wanda ya shiga kantin bindigogi a Amurka da niyyar fara wasan harbin allo, kuɗinsa kuma ba su taka kara sun karya ba, abu biyu zai tarar. Ga tsofaffin bindigogin yaƙi da rundunoni suka yi gwanjonsu: Mosin-Nagant ta Rasha, K31 ta Suwizalan, Mauser M96 ta Suwidin, Lee-Enfield ta Ingila. Ga kuma sababbi masu ƙotar roba, irin su Savage Axis, Ruger American da Howa 1500. Ido yakan tafi kan tsofaffin, saboda katako da ƙarfe da tarihi. Amma in dai burinka ka tara harsashi biyar wuri guda daga mita 100 zuwa sama, sabuwar za ka ɗauka. Tsohuwar tana da ranarta, sai dai arahar da ake yi mata kirari da ita ta daɗe da ƙarewa. A da ana samun Mosin a ƙasa da dala 100, yanzu kuɗinta ya ninka sau da yawa, har tana gogayya da sabuwa fil a kwali.

Wannan zance na inda doka ta ba farar hula dama ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, don haka Lee-Enfield ɗin da kakanninmu suka rataya a yaƙin Bama ba abin ajiyewa a gida ba ce a can.

'Yan harbi suna auna kyan bindiga da ma'aunin MOA, wanda ke nuna faɗin watsuwar harbi a allo. MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100. Mosin ta gama-gari da harsashin gwanjo takan watsa harbi tsakanin MOA 3 zuwa 4, wato faɗin tafin hannu, kuma ba laifinta ba ne, don an ƙera ta ne soja ya sami mutum a tsaye, ba a yi ta don ƙwandala ba. Sabuwa mai araha da harsashin da ya karɓe ta takan zauna tsakanin 1 zuwa 1.5. Illar bindiga mai watsi ga mai koyo ita ce in harsashi ya kauce ba zai san ko hannunsa ne ko bindigar ba, sai ya yi ta gyara abin da bai lalace ba.

Kafin ka dubi bindigar ma, dubi abincinta, don harsashi ne zai cinye kuɗinka a kan lokaci. Mosin tana cin 7.62x54R, kuma tun da Amurka ta toshe shigo da harsashin Rasha a 2021 arahar ta ragu. GP11, harsashin sojan Suwizalan da ya yi wa K31 suna, ya yi wuya. Wanda ke cika harsashinsa da kansa kuma zai ci karo da wata matsalar: bututun Mosin da na Lee-Enfield suna son ƙwaya, wato kan harsashin da ke fita in an harba, mai kaurin inci .311 ko .312, alhali yawancin ƙwayoyin gasa .308 ne. In ka zura siririya a bututu mai faɗi ba za ta kama tsagar ciki da kyau ba, sai ta tafi tana tangaɗi. K31 tana karɓar ƙwaya mai kaurin .308, M96 kuma tana cin 6.5x55 wanda ƙwayoyinsa masu kyau suna ko'ina, shi ya sa su biyun suka fi sauran dacewa da allo.

Sai batun tsatsa, wanda ya kashe bututu fiye da yaƙi. Yawancin tsohon harsashin ƙasashen Gabas, ƙyastun da ke gindinsa yakan bar gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin nan yana jan danshi, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ka leƙa ka ga ja. Man bindiga ba ya narkar da shi, ruwa ne kawai. A ranar da ka yi harbi, zare sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya, ka juya bakin bindigar ƙasa, ka kwarara ruwan zafi kamar rabin lita da mazurari ta baya. Zafin zai taimaka ƙarfen ya bushe. Bi da busassun ƙyallaye har su fito tas, sannan maganin wanke bututu, sannan mai kaɗan. Goge fuskar sakata ita ma da jiƙaƙƙen ƙyalle. Washegari ka sake leƙawa. GP11 ba shi da wannan gishirin, abin da ya sa za ka ga K31 gindin ƙotarta duk ya daddauje amma cikin bututunta na ƙyalli.

In ka nace sai tsohuwa, kada ka saya ba ka duba ba. Zare sakata ka haska fitila ta baya, ka leƙa ta baki. Tsagar ta fito da kaifi, ko ta shafe? Duhu kaɗan ba ya hana harbi mai kyau, amma ramuka kusa da baki suna hanawa. Bakin nan shi ne wuri na ƙarshe da ƙwaya ke taɓawa, kuma sojoji sun riƙa cusa sandar ƙarfe ta nan suna goge-goge har gefe ɗaya ya cinye. Ɗauki harsashinta ka sa tsininsa a bakin: in ta haɗiye ƙwayar har wuyan kwanso, bakin ya tafi. Mosin da yawa za ka ga an rarake bakinsu ciki da 'yan santimita, gyaran ma'aikatar soja ne don a kauce wa wurin da ya cinye, kuma ba lallai ya zama aibi ba.

Duba lambar jikin sakata ta yi daidai da ta jikin bindiga. In sun saɓa, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi tana iya yin yawa, kwanso ya miƙe ya tsage, iska mai zafi ta dawo maka fuska. Alamarsa ita ce zobe mai haske kusa da gindin kwanson da aka harba. Wannan ba aikin ƙiyasi ba ne, kai wa maƙerin bindiga ya gwada da ma'auninsa kafin harbin farko. Lee-Enfield No. 4 an yi mata kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3 don gyara wannan tazarar, sai dai da yake maƙullin sakatarta a baya yake, takan miƙar da kwanso ko da komai lafiya. M96 kuma tana da faifan tagulla a ƙota da ke nuna halin bututu, amma ka tuna hukuncin ranar da aka buga shi ne, shekaru aru-aru da suka wuce.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ɗora madubin saiti, wato na'urar hangen nesa ta auna allo. Hannun sakatar Mosin a miƙe yake, yana bugun madubi, sai an lanƙwasa shi. K31 sama take tofar da kwanso, dole madubin ya koma gefe. In aka huda ƙarfen aka sa sukurori, darajarta wajen masu tara kayan tarihi ta faɗi, kuɗin aikin kuma da ka haɗa da sun saya maka sabuwa. An yi ba a yi ba ke nan. Saitin ƙarfen da suka zo da shi ma yana da nasa hali: na M96 daga mita 300 yake farawa, don haka a mita 100 za ta riƙa bugawa sama da inda ka auna. Maganin shi ne a canja tsinken gaba da wanda ya fi tsayi, a adana na asalin.

Sabuwar ita ma ba tsarkakakkiya ba ce, a ƙota aka rage kuɗinta. Robar gaba takan lanƙwashe in ka ɗora ta a kan ƙafa biyu ka danna, ta taɓa bututu, harbi ya sauya wuri. Zura takarda tsakanin bututu da ƙota ka ja har baya, bindigar tana zaune yadda za ka harba ta. In takardar ta maƙale, a kankare wurin ko a sauya ƙota. Sukurorin da suka ɗaure ƙarfe da ƙota a ɗaure su da ma'auni daidai yadda kamfanin ya faɗa. Na zoben madubi yawanci inci-fam 15 zuwa 18 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, in ka wuce haka sai ka matse jikin madubin ya daina bin saiti. Siririn bututu na farauta ne, bayan harbi huɗu ko biyar a jere ya yi zafi, harsashi ya fara yawo. Nemi mai kauri tun farko. Kuma alkawarin MOA ɗaya da wasu kamfanoni ke yi yawanci a kan harsashi uku ne, uku kuwa suna iya haɗuwa da sa'a. Kai ka gwada da biyar-biyar, da harsashi iri uku ko huɗu, ka ga wanda ta fi so.

Wajen zaɓen harsashi, .223 Remington ya fi araha kuma ba ya shurin kafaɗa, abin da ke hana mai koyo ɗabi'ar runtse ido da fizgar kunama. A duba murɗin tsagar bututu: mai juyi ɗaya a inci 8 yana riƙe ƙwaya mai nauyin giren (ma'aunin nauyin ƙwaya) 69 zuwa 77, mai juyi ɗaya a inci 12 ba zai iya ba. .308 Winchester bututunsa yakan kai harbi wajen 5,000. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin harsashi na Hornady ya fito da shi a 2007, ya fi shi jure iska a nesa amma yakan cinye bututu tsakanin 2,000 zuwa 3,000. Wanda filinsa bai wuce mita 100 ba kuwa, ƙaramar .22 irin CZ 457 ko Savage Mark II za ta koya masa fiye da dukansu.

Tsohuwa ta dace da mai son harbi da saitin ƙarfe, yadda aka ba soja ita. Hukumar CMP mai koya wa farar hula harbi a Amurka, wadda ke sayar da tsohuwar bindigar sojan ƙasar M1 Garand daga Anniston a jihar Alabama, tana shirya gasar tsofaffin bindigogin soja a Camp Perry da ke Ohio, a yadi 200, kuma sharaɗin shiga shi ne bindiga ta kasance ba a sauya mata kama ba. A nan K31 da M96 suke nuna kansu. Mai Garand kuma ya kiyayi harsashin farauta na zamani mai nauyi, domin yana iya lanƙwasa sandar da ke tura sakata. A nemi .30-06 wanda aka rubuta a kwalinsa cewa don Garand aka yi shi.